Ina Tauraruwar Banyo A Labaran Aljanu?

 A wannan karo za mu ɗan ajiye zancen kasuwa da na hanya da damina, mu taɓa wata magana wadda ta shiga gidajenmu ba sallama, har ta fara haɗa iyaye da 'ya'yansu cacar baki. Maganar kuwa ita ce ta labaran aljanu da mayu da fatalwa, waɗanda 'yan matanmu da matan aure, har da wasu mazan da ba su son a sani, suka duƙufa a kan karatunsu da saurarensu dare da rana.

Sanin kowa ne cewa mutanenmu sun kasu biyu a kan wannan al'amari. Akwai masu cewa ɓata lokaci ne da ɓata tarbiyya, don haka da sun ga yarinya ta ƙura wa waya ido bayan isha'i sai su ƙwace. Akwai kuma masu karatun, waɗanda ba su ce uffan ba, illa dai da an mayar musu da wayar su ɗora daga inda suka tsaya. Mu a wannan fili ba za mu ɓoye ba, muna cikin masu jin daɗin irin waɗannan labarai. Amma jin daɗin abu bai hana a auna shi, saboda haka za mu faɗi inda daɗin yake, da inda haɗarin yake, da kuma abin da muke gani ya rage gare mu, mu Hausawan Banyo da Tibati da Ngaundare da Garwa.

Manya daga cikin masu karatu za su tuna yadda abin yake a da. 'Yan kasuwa kan taho da ƙananan littattafai daga Kano, su biyo da su ta Yola da Garwa, ko su gangaro ta Gembu, a cikin kayan atamfa da turare. Littafi guda sai ya zaga unguwa har bangonsa ya rabu da shi. Ga shi kuma ba a taɓa ba ka labari dunƙule, sai dai littafi na ɗaya, na biyu, na uku, kowanne ya tsaya daidai inda aljani ya miƙo hannu ta taga. Mai na ɗaya a Banyo yakan yi wata biyu yana jiran na biyu ya iso. Yanzu waya ta ɗauke wa fatake wannan kaya. Marubuciya tana zaune a Kano ko Katsina ko Maradi, ta saki shafi ɗaya a WhatsApp da daddare, kafin asuba an karanta shi a gindin dutsen Jumbal. Wadda ba ta iya karatu ba kuma ga masu karanta littattafai da murya a YouTube, tana tuƙa tuwo tana saurare. Dabarar dai ba ta sake ba tun zamanin Shaharzad ta Dare Dubu Da Ɗaya, wadda takan yanke labari da ketowar alfijir don sarki ya bar ta da rai har gobe.

Wanda ya ce aljanu baƙi ne a rubutun Hausa bai bi tarihin abin ba. A gasar rubutu da Rupert East ya shirya a Zariya a 1933, littattafan da suka fito a 1934 sun haɗa da Ruwan Bagaja na Abubakar Imam da Ganɗoki na Muhammadu Bello Kagara, kuma dukansu biyu sai da tauraron ya cuɗanya da aljanu. Waɗannan littattafai an yi shekara da shekaru ana karantar da su a makarantun Nijeriya ta arewa ba wanda ya ce sun ɓata yara. Sai dai taurarinsu duk maza ne, masu takobi da doki da wayo. Mace tauraruwa tana can a tatsuniyar kakanninmu: marainiyar da kishiyar uwa ta aika rafin da ba a zuwa, da budurwar da ta rantse ba ta auren mai tabo a jiki har ta kai kanta gidan dodo. A rubuce kuwa, sai a 1980 kamfanin NNPC na Zariya ya buga So Aljannar Duniya na Hafsatu Abdulwahid, wanda ake ɗauka shi ne ƙagaggen labari na farko da wata mace ta wallafa da Hausa. Tauraruwarsa Boɗaɗo Bafilatana ce, ta keta kunyar Fulani ta faɗa wa manyanta ƙiri-ƙiri wanda take so, wato Yasir, wanda ba Bafilatani ba, sannan aljana ta shiga tsakaninsu. Mu da muke zaune tsakiyar Fulani a Adamawa mun fi na Kano sanin nauyin abin da yarinyar nan ta yi da bakinta, tun kafin ma a zo kan aljanar.

Daga nan ne fa ƙofa ta buɗe. Balaraba Ramat Yakubu da Bilkisu Salisu Ahmed Funtuwa da Ado Ahmad Gidan Dabino da ire-irensu suka cika kasuwa da littattafan soyayya, su Abdul'aziz Sani Madakin Gini kuma suka riƙe ɓangaren yaƙi da matsafa da aljanu. An yi ta muhawara a jaridu a shekarun 1990 a kan ko wannan adabi ne ko shara. Har ta kai a 2007, zamanin Gwamna Malam Ibrahim Shekarau, hukumar A Daidaita Sahu ta ƙona littattafai a bainar jama'a a Kano. To, ga shi shekaru sun shuɗe, marubutan sun ƙaru, masu karatu sun ninka. Wannan kaɗai ya isa ya nuna wa uban da ke ƙwace waya a Banyo cewa abin da gwamnatin jiha guda ba ta kashe da wuta ba, shi ma ba zai kashe shi da tsawa ba.

Ba mu kaɗai ke da wannan ƙwaɗayi ba. Masu karatunmu da suka yi lise, suke karanta Faransanci, wataƙila sun ci karo da jerin littattafan nan da kamfanin J'ai lu ya buga da sunan La Communauté du Sud. Wata Ba'amurkiya ce mai suna Charlaine Harris, haifaffiyar jihar Misisifi a 1951, ta rubuta su da Ingilishi. Na farko ya fito a 2001, na 13 wanda ya rufe labarin ya fito a 2013. Tashar HBO ta mayar da su wasan talbijin mai suna True Blood, daga 2008 zuwa 2014. Mun kawo su nan ne don sun bayyana ƙarara wani sirri wanda yake ɓoye a namu labaran.

Tauraruwar sunanta Sookie Stackhouse, budurwa 'yar shekara 25 a farkon labari, marainiya, kakarta ce ta rene ta. Tana zaune a wani ɗan ƙaramin gari da marubuciyar ta ƙaga, mai suna Bon Temps, a jihar Luwiziyana da ke kudancin Amurka, tana aikin kai wa mutane abinci da abin sha a wata mashaya. A duniyar labarin, masana kimiyya na Japan sun haɗa wani jini na kwalba, saboda haka matattun nan masu tashi da dare su sha jinin mutane, waɗanda Turawa ke kira bampaya, suka fito fili suka ce tun da yanzu suna da abincin da ba sai sun cuci kowa ba, a bar su su zauna cikin mutane kamar kowane ɗan ƙasa. Bayan su akwai masu rikiɗa, irin yadda ake ba mu labarin masu zama kura, har maigidan da take wa aiki, Sam, yakan rikiɗa ya zama kare. Ita kuma Sookie tana da wata baiwa wadda ita take kira nakasa: tana jin abin da ke cikin zukatan mutane ko ba su furta ba. Saboda haka mutanen garin suna ɗaukarta taɓaɓɓiya, samari kuma ba ta iya zama da su, don kowa ya zo zance ta riga ta ji abin da ya ƙulla. Abin da ya ja ta ga bampayan farko da ta sani, Bill Compton, shi ne ba ta jin komai daga zuciyarsa, a wurinsa kaɗai take samun shiru.

To, ina daɗin yake? Wanda bai karanta ba zai zaci a wurin jini da haƙora ne. Haƙiƙa daɗin yana wurin garin da mutanensa. Kudancin Amurka wuri ne da 'yan manyan biranen arewacinsu ke yi wa kallon ƙauye, suna kwaikwayon lafazin mutanensa suna dariya. Harris ba ta ɗauki tauraruwarta ta kai ta birni don ta burge kowa ba. Ta bar ta a tsohon gidan kakanninta kusa da maƙabarta, tana lissafin kuɗin gyaran hanyar shiga gida, tana share tsakar ɗaki, tana yi wa baƙo tayin abin sha ko da baƙon ya shekara ɗari da mutuwa, don haka aka tarbiyyantar da ita. Da kakarta Adele ta ji jikarta ta san bampaya, abin da ya fara zuwa mata shi ne ko ya ga yaƙin basasar Amurka na 1861 zuwa 1865, in ya gani ya zo ya ba ƙungiyarsu ta tsofaffi labari. Bampaya kuma duk ƙarfinsa ba ya iya shiga gidan mutum sai an ce masa bismilla, in aka janye izinin dole ya fita, abin da duk Bahaushen da ya san darajar sallama zai fahimta ba sai an yi masa bayani ba. Da guguwar Katrina ta afka wa Luwiziyana a 2005, marubuciyar ta shigar da ita cikin labarin, har bampayun ma suka yi asara. Mai karatu yana yarda da abin da ba zai yiwu ba ne saboda an kafa shi a kan abin da ya sani sarai.

A ƙarshe, a 2013, Sookie ta bar kyawawan matattun nan masu dukiya da mulki, ta zaɓi Sam, mutumin garinsu da take tare da shi tun shafin farko. Wasu masu karatu suka fusata har da zagi da barazana ga marubuciyar. Mu kuwa muna ganin ta yi daidai, domin yarinyar tun farko ba ta taɓa son rabuwa da garinsu da hasken rana ba. Kowa ya bar gida, gida ya bar shi.

Akwai wani abu a baiwar yarinyar nan da ya taɓa mu musamman. Ku dubi 'yar Bahaushe a Banyo. A gida Hausa ake yi mata, a kasuwa Fulatanci, a lekol Faransanci, a makarantar allo Larabci, in ta yi ciniki da mutanen Banso ko Bamenda ga Turancin buroka, wata ma tana tsintar yaren Bute ko na Mambila a bakin maƙwabta. Sau nawa ake maganarta a gabanta da wani yare, ana zaton ba ta ji, alhali ta ji tsaf, ta haɗiye ta yi murmushi ta miƙa canji? Wanda yake cikin tsiraru ya san wannan hali, na jin abin da ba a so ka ji, da zama tsakanin jama'u biyu kowacce tana ganin ka fi kusa da ɗayar. A Kamaru a ce mana mutanen Nijeriya, alhali kakannin wasunmu suna nan tun kafin Jamus su zo. In mun je Kano kuma a ji Hausarmu a ce mutanen Faransa. Yarinyar da ke karanta labarin budurwa mai kai da kawowa tsakanin mutane da aljanu, ba tare da ta zama cikakkiyar 'yar kowane ɓangare ba, tana karanta wani abu ne da ta riga ta sani a jikinta.

Amma fa kada a ce mun ce a saya wa yara waɗannan littattafai na Amurka. Akwai batsa a cikinsu ƙuru-ƙuru, akwai zubar da jini, wasan talbijin ɗin ma ya fi littattafan rashin kunya nesa ba kusa ba. Na manya ne masu hankali, su ma wanda ya ga zuciyarsa ba ta natsu ba ya bari. Haka nan cikin na Hausar da ke yawo a waya akwai waɗanda ba su da abin sayarwa sai batsa, an dai laƙa musu aljani ne don a ce labari ne. A nan iyaye suna da gaskiya, kuma abin da babba ya hango, yaro ko ya hau rimi ba zai hango shi ba.

Haɗari na biyu ya fi wannan girma, kuma ba a cika faɗinsa ba. Shi ne labari ya tsallako daga shafi ya faɗa kan maƙwabciya. Bampayan Turawa matacce ne wanda ba ya cikin unguwar kowa. Mayen labaranmu kuwa rayayyen mutum ne, kuma kusan kullum siffarsa ɗaya: tsohuwa, matalauciya, marar 'ya'ya, mai jan ido, wadda ke zaune ita kaɗai a ƙarshen layi. Yaron da ya sha irin wannan labari dare ɗari, ran da zazzaɓin cizon sauro ya hau kan ƙanensa har ya fara sambatu ya ambaci sunan wata tsohuwa, me kuke zaton zai fara zuwa masa? Maimakon a garzaya asibiti sai a tafi a ce ta zo ta tsallaka shi. A ƙasar nan kuma zargin maita ba wasa ba ne, domin sashe na 251 na dokar hukunta laifuffuka ta Kamaru ya tanadi ɗaurin shekara 2 zuwa 10 a kan aikata sihiri ko maita, kuma kotuna, musamman a lardin Gabas a shekarun 1980, sun ɗaure mutane a kansa. Kalma guda daga bakin yaro tana iya raba tsohuwa da mutuncinta, ko da gidanta, ko da 'yancinta.

Kakanninmu sun san wannan, shi ya sa suka yi wa tatsuniya shinge gaba da baya. Ba a farawa sai an ce ga ta nan ga ta nanku, ba a tashi sai an ce ƙurunƙus, a kuma jingina ƙaryar ga Gizo, don yaro ya san an fita daga wata duniya an dawo wata. Mu Musulmi mun yi imani da samuwar aljanu, ga sura sukutum da sunansu a Alƙur'ani. Amma aljanin da wata marubuciya ta zauna ta ƙaga, ta ba shi suna da fada da rawani, nata ne, ba shi da wani matsayi a addini, kuma ba hujja ba ne a kan kowa. Wayar salula ba ta cewa ƙurunƙus. Aikin uwa da uba ne su faɗa.

Saboda haka shawararmu ga iyaye ita ce, kafin ka ƙwace, karɓi ka karanta. In ba ka iya ba, ce mata ta karanta maka shafi biyu da ƙarfi bayan an ci tuwo. Abu uku za ka samu. Na ɗaya, in labarin na batsa ne, bakinta ba zai iya furta shi a gabanka ba, ka ga ka gane ba tare da bincike ba. Na biyu, za ka ji wa ke ceton tauraruwa in ta shiga uku. In addu'a ce da haƙuri da hankalinta da taimakon 'yan'uwa, madalla. In kuwa kullum boka ne mai magani, to ga wurin da za ka yi gyara da bakinka. Na uku, za ka ji da kunnenka yadda 'yarka ke karanta Hausa, wanda shi ne ya kawo mu babbar maganarmu ta yau.

Mu tambayi kanmu tsakani da Allah, a ina ɗan Bahaushen Kamaru ke koyon karatun Hausa? A lekol da Faransanci ake koyarwa, a wasu sassan ƙasa da Ingilishi. A makarantar allo Alƙur'ani ake koya, ajamin da iyayenmu ke rubuta wasiƙa da lissafin goro da shi kuma masu iya shi sai raguwa suke. Yaro yana iya gama lise bai taɓa ganin yadda ake rubuta ƙ da ɗ da ɓ ba, in ya rubuta maka saƙo da Hausa sai ka ga ya bi ƙa'idar Faransanci, ya sa "ou" inda ake sa "u", ya sa "tch" inda ake sa "c". A unguwar Birkitari ta Yawunde da Niyu Bel ta Duwala akwai jikokin Hausawa da suke jin Hausa amma su amsa da Faransanci. A nan Adamawa kuma Fulatanci ne ke cin kasuwa, har a wasu gidajenmu shi ake yi da yara. Ba laifin kowa ba ne, haka zaman tsiraru yake. Amma ku lura da kyau, yawancin 'yan matan da suka iya karanta Hausa a guje a unguwanninmu, ba malamin da ya koya musu. Son sanin abin da aljani zai yi wa amarya ne ya koya musu. Da shi suka san karin magana, da shi suka san kalmomin da ba a ji a kasuwar Banyo. Wannan makaranta ba mu muka gina ta ba, tana da yoyo, amma ita ce ke gare mu. Mai hankali ba ya rushe ɗakin da yake kwana don yana yoyo, jinka yake sakewa.

Sai dai akwai abin da ke ci mana tuwo a ƙwarya. Duk taurarin da 'ya'yanmu ke bi, 'yan Kano ne, ko Kaduna, ko Abuja. Gidajensu na Nasarawa ne da Maitama, kuɗinsu naira, in za su gudu daga aljani jirgi suke hawa zuwa Dubai. Yarinyar Banyo tana karantawa tana koyon cewa labari abu ne da ke faruwa ga wasu, a wani wuri, da wata irin Hausa da ta fi tata. Alhali in an auna da ƙasar Hausa, mu ne mutanen kudu. Mu ne ake kwaikwayon lafazinmu. Abin da Charlaine Harris ta yi wa nata kudun, na ɗaukar wurin da ake rainawa ta mai da shi tsakiyar duniya har littafi 13, shi muke jira wata 'yarmu ta yi wa namu.

Kuma kayan aikin ga su nan zube. Ga dutsen Jumbal a kanmu, inda sojojin Jamus suka kafa sansani, har sojojin Ingila ƙarƙashin Janar Cunliffe suka hau suka ci su da yaƙi daga 4 zuwa 6 ga Nuwamba 1915, kwamandan Jamus Kyaftin Schipper ya mutu a wurin, kufansu kuma yana nan har yau. Sojojin da suka hau dutsen nan daga Nijeriya aka kawo su, da Hausa ake ba su umurni. In da wani tsohon aljanin dutsen zai sauko gari, ashe kakanninmu mata ba za su shimfiɗa masa tabarma su tambaye shi abin da ya gani a kwana ukun nan ba, kamar yadda kakar Sookie ta yi? Ga abin da ya faru a 1902, ranar da Lamiɗo Umaru da hafsan Jamus Nolte suka rasa rayukansu a arangama guda. Ga hanyar fataken goro da hauren giwa wadda ta kawo kakanninmu, da zangon da suka sauka. Ga tsofaffin ramukan kuza na Mayo Darle. Ga ruwan madatsar Mape wajen Bankim da abin da ya shanye. Ga hazon tsaunukan Mambila wanda mutum ba ya ganin tafin hannunsa da safe. Wane marubucin Kano ne ya san ƙamshin waɗannan wurare? Waƙa a bakin mai ita ta fi daɗi.

Ga wadda za ta ɗauki alƙalami, muna da roƙo kaɗan. Ki bar tauraruwarki a nan. Ta yi tallan ƙosai ko ta yi ɗinki ko ta zauna jarrabawar bak, ta yi lissafi da sefa, ta hau moto, ta gai da mai nono da Fulatanci, ta yi wa jandarma Faransanci, ta yi wa kakarta Hausarmu yadda muke yinta ba tare da jin kunya ba. Maƙwabtanta Fulani da Bute da Tikar da Mambila su zama mutane masu suna da hali, kada a mai da wata ƙabila ita ce matsafa. Kada mugun labarin ya zama tsohuwar ƙarshen layi, an gaji da cin zalinta, a nemo shi a wani wurin. Kuma in kin kai ƙarshe ki rufe da abin da zai tuna wa yaro cewa ƙage ne. Hanyar fitar da rubutu ba ta da wuya kamar da. Wayar da ake karanta na Kano da ita, ita za ta kai naki Kano. Tun 2016 da Sashen Hausa na BBC ya fara gasar Hikayata domin mata marubuta aka ga cewa mace tana iya rubutu daga ɗakinta duniya ta ji. Wannan fili namu ma a shirye yake ya ba da wuri ga shafin farko, in an aiko.

Ga malamanmu kuma, muna roƙo da ladabi, in za a yi wa'azi a kan labaran nan a rarrabe tsakanin tsaki da tsakuwa. A tsawatar a kan batsa da dogaro da bokaye da zargin bayin Allah, mu ma muna bayanku. Amma a bar yara su karanta harshen iyayensu, don wanda ya iya karanta labarin aljani da Hausa yau, shi ne zai iya karanta fassarar littafin addini da Hausa gobe.

Masu karatu, muna son jin ra'ayinku, musamman iyaye mata da su kansu 'yan matan da ake magana a kansu. Wane labari kuke bi, me kuka ƙaru da shi, me kuma ya sa kuka ajiye wani? Ku rubuto mana da Hausa, ko da da ƙa'idar Faransanci ce, za mu gyara. Allah ya tsare mu da zuriyarmu daga sharrin mutum da aljan, ya shirya mana 'ya'yanmu. Sai wata mai zuwa in Allah ya kai mu. Wassalam.